Ɗaki na Uku

Kafin kuɗin su zo,
nan ake jibge baburan da aka kama.
Har yau, in rana ta take,
daɓen yana fitar da warin baƙin mai.

Wata goma sha takwas, in ji takarda.
Aka sayo kujera biyu, da fanka, da tulu,
da labule mai ruwan ganyen yakuwa,
aka ɗauke ni,
Barira, mai zama da wanda aka cuta.
Ba hula, ba bindiga,
sai littafin rasit da kofin roba.

Sufeto Harisu ya leƙo ranar farko,
ya dubi labule, ya dubi tulu,
ya ce, "Komisariya ce nan ko gidan suna?"

Sai ga Iro,
ɗan kabu-kabu daga Bagalam.
A hanyar Ɗan Isa suka tare shi bayan lisha,
suka tafi da babur,
suka bar masa sara a kafaɗa
da bashin jika ɗari huɗu na mai abin.
A ɗaki na ɗaya an tambaye shi:
ƙarfe nawa? su nawa? wace riga?
Ya ce bai sani ba.
Sau uku yana cewa bai sani ba,
har alƙalami ya gaji ya kwanta.

Na ce, "Ka sa wani abu a cikinka yau?"
Ya dube ni kamar na zage shi.
Can sai kafaɗunsa suka kama rawa,
magidanci, uban huɗu.
Na mai da fuska bango,
ina ƙirga tsagar siminti har ya gama.
Fura ta dala ashirin.
Na rubuta a rasit: fura.

Na raka shi likita aka sake ɗinki.
Na sha rana a ƙofar mai babur
har ya yarda zai jira kaka.
Ranar Laraba, yana juya kofi a hannu,
ba wanda ya tambaye shi,
ya ce, "Wanda ya riƙe kan babur ɗin,
ba shi da ƙaramin yatsa. Na hagu."

Harisu ya zo da sauri, hula a karkace.
Bai yi maganar labule ba.
An kama mutumin a kasuwar Jiratawa.
Babur kam ya riga ya tsallaka,
an sayar da shi gunduwa-gunduwa.

Duk wata uku takarda na zuwa
mai gidaje kamar dara:
mata nawa, maza nawa,
nawa ne suka gamsu.
A wane gida zan sa Tsahara,
da aka soke ɗanta a tasha bara,
take zuwa kowace Juma'a da lullubi ɗaya
ta zauna ƙarƙashin fanka,
ta ce, "Akwai labari?"
in ce, "Ana nan ana bincike,"
ta ce, "To,"
ta sha ruwa, ta gyara mini labule, ta tafi?
Na rubuta ta sau ɗaya.
Sau arba'in da ɗaya ta zo.

Saura wata biyu.
Baƙi sun zo cikin farar mota,
suka ɗauki hoton tulu,
suka ce za su duba.
Wanda ke bacci a tabarmar aro
da kunne ɗaya yake kwana.

Jiya tsakar komisariya ta cika.
Na ji ƙarar taya a bakin ƙofata:
Harisu ne, yana tura wani babur da aka kama,
yana neman inda zai jingine shi.
Ya tsaya.
Ya dubi kujerun, ɗaya da Tsahara a kai.
Ya share gumi da bayan hannu,
ya ci gaba da turawa
har gindin bedi, cikin rana rabi.

Na tashi na ƙara ruwa a tulu.